Zango a bakin gulbi: Abin da masunta da makiyayan Kebbe da Tambuwal ke dubawa kafin su kafa bukka

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai gulbin Zamfara ya soma ja da baya, ya bar laka da rairayi a inda jiya ruwa ke rufe kan mutum. A lokacin ne bakin gulbin ke cika da baƙi a ƙasar Kebbe da kudancin Tambuwal, a Jihar Sakkwato.

Masunci na zuwa da komarsa da gorarsa. Bafulatani na gangarowa da garkensa. Manomin rani na ɗauko injin ban ruwa da irin albasa. Kowannensu zai yi watanni a wurin, kuma abu na farko da zai yanke shawara a kai shi ne inda zai kafa bukkarsa.

Shawara ce da ake yankewa cikin yini guda, amma wani lokaci ita ke raba wanda zai koma gida da riba da wanda za a kai wa iyalinsa labari.

Masu sauka bakin ruwa

Gulbin Zamfara yana tasowa ne daga gabas, cikin Jihar Zamfara. Yana ratsa ƙasar Gummi, ya shigo Kebbe, ya wuce Jega a Jihar Kebbi, sannan ya haɗu da gulbin Sakkwato a kudu maso yammacin Birnin Kebbi. Fadamar da ke gefensa ce ke riƙe da dubban gidaje idan tudu ya bushe.

Zaman wucin gadi a bakin ruwa tsohon abu ne a wannan yanki. Sarkawa da Kabawa sun daɗe suna bin kifi daga wannan gurbi zuwa wancan, suna kafa tunga, su yi banda, su tashi. Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega har Yawuri zai lura da yawan ƙauyukan da sunansu ya fara da Tunga. Da yawa daga cikinsu sun faro ne da bukkoki biyu ko uku na wanda ya zo su ko noma, ya ga wurin ya karɓe shi, ya zauna.

Tungar da ta zama gari shaida ce cewa wanda ya fara sauka ya iya zaɓe. Waɗanda aka kafa a muguwar gaɓa ba su daɗe ba balle a san sunansu.

Abin da ke jan mutum ya matsa kusa da ruwa a bayyane yake. Masunci na son ya riƙa hango kwalekwalensa daga ƙofar bukka. Manomi na tsoron a sace masa inji da tiyo cikin dare. Makiyayi na son mashaya kusa, don kada shanu su rame a hanya. Ga kuma rairayi mai laushi da sanyi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos.

Ruwan da ba a ga hadarinsa ba

Babban haɗarin bakin gulbi shi ne ruwan da aka yi a wani wuri. Ana iya tafka ruwa a ƙasar Anka ko Bukkuyum da yamma, sararin samaniyar Kebbe kuwa garau, taurari a waje. Ruwan zai bi ƙoramu ya taru a gulbi, ya kama hanyar yamma, ya iso wa mai barci a kan rairayi ba tare da ya ji ko tsawa ba.

Lokacin da wannan ya fi faruwa shi ne farkon damina, a watannin Mayu da Yuni. A lokacin masu noman rani na ƙoƙarin kwashe sauran amfaninsu, makiyaya ba su riga sun hau tudu ba, mutane kuma sun saba da ganin gulbi a bushe har sun saki jiki. Ƙasar da ta sha rana wata bakwai ba ta shan ruwan farko da sauri, don haka mafi yawansa gangarawa yake yi.

Lokaci na biyu shi ne Agusta da Satumba, sa'ad da gulbi ya cika ya fara neman tsofaffin hanyoyinsa. A watan Agustan 2024 ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi, maƙwabciyar Kebbe ta gabas. Ruwan da ya ci Gummi kuwa ba shi da wata hanya sai ta Kebbe.

Masu zuwa su ko noman rani a gulbin Rima da na Sakkwato suna da ƙarin abin lura, wato madatsun ruwa. Akwai ta Goronyo a kan Rima, akwai ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a kan gulbin Sakkwato. A watan Satumban 2010 ruwan da ya ɓalle daga Goronyo ya mamaye ƙauyuka da gonaki masu yawa, har ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ke ƙasa da madatsa, ruwa na iya ƙaruwa a kansa ko da rani, idan aka buɗe ƙofofi.

Alamomin da gulbi ke bari

Tsofaffin masunta ba sa auna wuri da inda ruwa yake a ranar da suka iso. Suna neman inda ya kai bara, da inda ya kai a shekarar da ya fi cika.

Gulbi na barin shaida. Akwai tarkacen kara da ciyawa da leda da ke maƙale a rassan itatuwa, wani lokaci sama da tsawon mutum. Akwai zanen laka a jikin kututture. Akwai ɓawon katantanwa a kan busasshiyar ƙasa, da ƙasar da ta tsattsage kamar tafin ƙafa, alamar ruwa ya kwanta a kanta ya daɗe. Duk wurin da ke ƙasa da waɗannan alamomi, na gulbi ne, aro kawai ya bayar.

Itatuwa ma na magana. Giyayya na son wurin da ruwa ke kwanciya duk shekara, saboda haka inuwarta ta yini ce, ba ta kwana ba idan damina ta kusa. Tsohuwar kuka ko tsamiya kuwa ta fi yawa a inda ruwa bai cika kaiwa ba.

Sai kuma kwanar gulbi. A duk inda ruwa ya yi lanƙwasa, ɓangaren waje ne yake ci. Nan ne gaɓa ke tsayawa a miƙe kamar bango, ruwa na rarake ta ta ƙasa, sai wata rana ta rufta da abin da ke kanta. Ɓangaren ciki kuma nan yake zubar da yashi, wurin ya yi faɗi ya yi kyau, amma shi ne farkon nutsewa. Mai hankali kan wuce duka biyun ya hau bayansu.

Mafi muni shi ne tsibirin rairayi a tsakiyar gulbi da kuma bakin ƙorama, inda take zubowa cikin babban ruwa. Tsibiri ba shi da hanyar gudu idan ruwa ya zagaye shi. Bakin ƙorama kuwa shimfiɗaɗɗe ne saboda ruwa ne ya shimfiɗa shi da yashin da ya kwaso, kuma zai dawo ta nan.

Abu na ƙarshe da gogaggu ke dubawa shi ne hanyar fita. Shin mace mai goyo da tsoho da yaro za su iya kaiwa tudu cikin duhu, ba tare da sun ratsa wani kwari ba? Sau da yawa ruwa kan fara cika kwarin da ke bayan zango kafin ya taɓa zangon, sai mutane su farka su tarar an riga an yanke su.

Darasi daga ƙasashen duwatsu

Wannan lissafi ba na talakan bakin gulbin Zamfara ba ne kaɗai. A wasu ƙasashe akwai masu biyan kuɗi don su kwana a tanti a bakin kogi, da safe su shiga kwalekwalen roba su bi ruwa mai gudu da kumfa a tsakanin duwatsu. Ana wannan wasa a kogin Zambezi ƙasa da magangarar ruwa ta Biktoriya, da kogin Nilu a Jinja ta ƙasar Yuganda, da kogin Ganga a gindin tsaunukan Himalaya a Indiya. Har mataki suka yi wa ƙarfin ruwan, daga na 1 mai sauƙi zuwa na 6 wanda shigarsa kasada ce da rai.

A Najeriya ma an taɓa samun irin wannan ruwa a Bussa, kudu da Yawuri, inda Baturen nan mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Tafkin Kainji ya shafe wurin bayan kammala madatsar a 1968.

Masu waɗannan wuraren shaƙatawa sun sha koyon darasi da tsada. A ranar 7 ga Agustan 1996, ruwan da aka yi a kan tsaunuka ya gangaro ta wata ƙorama ya afka wa wani sansanin masu yawon buɗe ido a Biescas, arewacin Sifaniya. Mutum 87 suka mutu. An gina sansanin ne a kan shimfiɗaɗɗen filin da ke bakin ƙoramar, irin wurin da masuncin Kebbe zai ƙi.

A daren 4 ga Yulin 2025, kogin Guadalupe a jihar Teksas ta Amurka ya ƙaru da kusan mita 8 cikin minti 45. Fiye da mutum 130 suka rasu a ambaliyar, ciki har da yara mata da masu kula da su 27 a wani sansanin hutu mai suna Camp Mystic, inda wasu ɗakunan kwana ke dab da ruwa. Bayan wata biyu jihar ta kafa dokokin da suka taƙaita gina ɗakunan kwanan yara a hanyar ambaliya, suka kuma tanadi jiniyar gargaɗi.

A Indiya kuwa kotun kare muhalli ce ta shiga maganar. A watan Disamban 2015 ta dakatar da kafa tantuna a bakin Ganga tsakanin Kaudiyala da Rishikesh. A 2017 ta amince da wurare 25 kawai, da sharaɗin a nisanci tsakiyar kogin da aƙalla mita 100.

Ƙasar Kebbe ba ta da irin waɗannan tsaunuka, ruwanta kuma bai kai nasu saurin tashi ba. Sai dai abin da ya kashe mutane a can shi ne abin da ake gudu a nan: kwana a hanyar ruwa, da dare, ba mai tsaro, ba mai kawo labari daga sama. Bambancin shi ne su sun rubuta darasin ya zama doka, a nan kuwa yana cikin kawunan dattawa.

Kowace gaɓa da mai ita

Ko wuri ya yi kyau, baƙo ba ya sauke kaya sai ya nemi izini. Ruwa na da Sarkin Ruwa, fadama na da masu gonaki, gari na da mai gari da uban ƙasa, makiyaya na da Ardo ko Sarkin Fulani.

Sarkin Ruwa ne ya san gurbin da aka hana su har sai ranar da aka buɗe shi, da inda ke da zurfi, da inda kada ke kwana. Wannan tsari ne ya haifar da bukukuwan kamun kifi irin na Romo a ƙasar Tambuwal, da kuma na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2016. A Matan Fada ba mai jefa homa sai an ba da izini. Gaisuwar da baƙo ke kai wa Sarkin Ruwa ladabi ce, kuma ita ce hanyar samun labarin da ba zai gani da idonsa ba.

Tsakanin manomi da makiyayi kuwa, wurin zango na iya zama mafarin rigima. Fadamar da a da ake barin ta ga shanu bayan girbi, yanzu albasa da tattasai da shinkafar rani sun rufe ta, musamman tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse daga shekarun 1990. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi wuraren kiwo, amma burtali da mashaya da yawa sun shige cikin gonaki.

Manomin da ya kafa bukka ya shinge mashaya ya gayyato faɗa. Makiyayin da ya kafa ruga inda garke zai ratsa gonar albasa kafin ya kai ruwa, shi ma haka. Inda ake zaman lafiya, za a tarar an bar wa shanu hanya mai faɗi, rugar kuma tana kan gonar tudu da aka girbe, mai gona na samun taki, makiyayi na samun kara.

Mashigi da jirgi

Wani abin da ake mantawa da shi wajen zaɓen wuri shi ne sau nawa za a ƙetare ruwa. Idan bukka na wannan gaɓa, gona ko kasuwa ko itacen girki na waccan, to kullum sai an shiga jirgi, kuma yawanci yara ake aika.

A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana a Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. A watan Mayun 2023 wasu yara 15 suka sake rasuwa a Dandeji, duk a Shagari, a hanyarsu ta zuwa neman itace. A watan Satumban 2024 jirgi ya kife da gomman manoma a Gummi suna hanyar zuwa gonakinsu.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. A ƙananan mashigai da ke nesa da idon hukuma, ba kasafai ake ganin rigar ba. Saboda haka zangon da ya rage yawan ƙetarawa ya fi wanda ke da inuwa mai daɗi.

Cutar da ke kwance a ruwa

Ruwan da ba ya gudu, wanda gulbi ya bari a kududdufai, shi ne matattarar sauro da kuma ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaron da ke wanka a irin wannan ruwa kan fara fitsarin jini, wasu iyaye kuma su ɗauka alamar girma ce. Cuta ce, tana da magani a asibiti, idan kuma aka bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda.

Matsawa sama kaɗan, inda iska ke kaɗawa, na rage sauro, gidan sauro kuma na cika sauran. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a nisanta masai da wurin ɗiban ruwan sha da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta ƙasa da zango, don guje wa amai da gudawa. Ruwan da aka tona a cikin rairayi ya fi na kududdufi tsabta, amma tafasa shi ya fi.

Akwai kuma maciji. Kububuwa da kasa na son tarin kara da tsohon suri da gindin duhuwa. Share kewayen bukka, ɗaga shimfiɗa daga ƙasa da riƙe tocila da dare ƙananan abubuwa ne, sai dai asibitin da ke da allurar dafin maciji na iya kasancewa tafiyar sa'o'i daga bakin gulbi.

Tsaro ya sauya lissafi

A da, masunci na iya keɓewa shi kaɗai a gurbin da ya fi kifi. Yanzu hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane sun iso ƙauyukan kudancin Sakkwato, har da na Kebbe, kamar yadda suka addabi maƙwabtansu na Zamfara.

Wannan ya sa mutane cikin tsaka mai wuya. Tudun da ya fi aminci daga ruwa wani lokaci shi ne ya fi kusa da daji. Wasu kan gwammace su kwana a ƙasa kusa da jirgi, ko ma a tsibiri, don ruwa ya zame musu katanga. Waɗanda aka kora daga ƙauyukansu kuma kan sauka duk inda aka ba su, kuma filin da ba mai so a gefen gari galibi shi ne wanda ruwa ke ci.

Abin da ya rage wa mutane shi ne haɗa kai: sauka a rukuni kusa da gari, sanar da mai gari yawan mutanen da ke zangon, da zaɓen wurin da waya ke samun sabis. Wayar da ke kawo labarin 'yan bindiga ita ce kuma za ta kawo labarin ruwa. Masuncin da ke da lambar ɗan'uwansa a Gummi na iya samun sa'o'in da za su ishe shi kwashe iyali da kaya.

Abin da ya rage wa hukuma

Duk shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke fuskantar ambaliya. Ana ƙaddamar da su a Abuja, da Turanci, a kan takarda da intanet. Mutumin da ke kwana a kan rairayi ya fi kowa buƙatarsu, kuma shi ne na ƙarshe da suke isa gare shi.

Cike wannan giɓi ba ya buƙatar biliyoyi. Ana iya kafa sandunan auna ruwa masu fenti a manyan mashigai, a ɗora wa wani alhakin duba su. Ana iya haɗa sarakunan ruwa na Gummi da Kebbe da Tambuwal da Jega a layin waya guda, duk da cewa jihohi uku ne, tun da gulbin bai san iyaka ba. Ana iya karanta gargaɗi da Hausa da Fulatanci a rediyo da masallatan Juma'a daga watan Afrilu. Ƙananan hukumomi da masarautu kuma na iya shata wuraren sauka a kan tudu, da mashaya da burtalin da ba za a nome ba.

Kafin a kai ga haka, abin dogaro shi ne ilimin da aka gada, kuma masu shi na tsufa. Matasa da yawa da ke shiga noman rani yau ba 'ya'yan masunta ba ne, tsadar rayuwa ce ta kawo su fadama, ba su taɓa ganin gulbi ya tashi da dare ba.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ga wanda zai sauka bakin gulbin Zamfara bana, rigakafin bai wuce ya ɗaga kai ya dubi tarkacen da ke maƙale a reshe ba, ya tambayi Sarkin Ruwa inda ruwan bara ya tsaya, sannan ya ɗauki kayansa ya ƙara gaba.